Kullen Bazazzagi

Malam, mijin Yaya, bawan Kanawa, ina gaisuwa irin wadda ubangida ke yi wa bawansa. Bayan haka, labari ya iso mini Kano cewa kwanan baya a wajen wani ɗaurin aure a Tudun Wada ka tattare hannun babbar riga, ka tara samari, kana ba su lacca a kan zamanin korona. An ce ka ce kai ka riƙe gidanka da hannu biyu tun daga ranar da aka kulle har ranar da aka buɗe, ba a ji kanku ba, saboda wai Bazazzagi mutum ne mai tsari, ba irin Bakano ba wanda in ya kwana biyu bai ji hayaniyar kasuwa ba zazzaɓi ke kama shi. An ce har tafa maka aka yi. Abin da ka manta shi ne, duk tsawon kullen nan wayar Yaya ba ta taɓa rasa caji ba, kuma ni take kira.

Bari mu fara da lissafi, tunda ku 'yan boko ba kwa yarda da magana sai da kwanan wata. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar cutar ta shigo Nijeriya, a jikin wani ɗan ƙasar Italiya a Legas. Kafin gwamnatin tarayya ta rufe Legas da Ogun da Abuja ranar 30 ga Maris, ku tuni gwamnanku na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya datse ku tun 26 ga wata, ba kasuwa, ba masallaci, ba majalisa. Bayan kwana biyu ya fito ya ce shi ma gwaji ya nuna yana ɗauke da ita, ya killace kansa, ya bar ku a hannun mataimakiyarsa Dakta Hadiza Balarabe. Wato a sama mace ke riƙe da jiha, a ƙasa Yaya ke riƙe da kai, ban san a wane tsakani ka sami abin da ka riƙe ba. Kwana 75 kuka yi kafin a sassauta ranar 9 ga Yuni. Naka kullen kuwa daban ne, domin ƙungiyarku ta malaman jami'a, ASUU, ta shiga yajin aiki tun 23 ga Maris, ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. Gwamna ya buɗe jiha, kowa ya kama gabansa, kai babu wanda ya buɗe ka. Wata tara cur kana zaune wa Yaya a ka.

Tun makon farko aka gane baƙo ne kai a gidan. Shekara da shekaru ka saba fita ƙarfe bakwai, in ka taso daga aiki ka zarce majalisa, daga majalisa sai teburin mai shayi, sai bayan isha'i ka shigo kana gyaran murya, yara sun yi barci ko sun yi lamo. Gidan da ka sani gidan dare ne, an share, an kwashe shanya, an rufe maka tuwo a kula. Na rana ba ka taɓa ganinsa ba. Ranar farko da azahar ta same ka a tsakar gida, autarku ta leƙo ta bayan zanin uwarta, ta ƙare maka kallo, ta tambaya ko Baba ba shi da lafiya ne. Ka ɗauko kujerar roba ka kafa a gindin darbejiya, ka ce yau za ka ƙarasa takardar nan da ta yi shekaru tana jiranka. Ba ka san inuwar tana da masu ita ba. Da hantsi wurin wanke-wanke ce, da rana wurin tsintar shinkafa da gyaran wake, da la'asar nan ake kitso.

"Malam, ɗan gusa."

Ka gusa. Igiyar shanya ta ɗiga maka ruwa a takarda.

"Malam, ɗan ɗaga ƙafa za a yi shara."

Ka ɗaga. Ka koma falo ka tarar yara sun baje gaban Daɗin Kowa a Arewa24, ka nemi rimot za ka ji labarai, aka yi maka kallon mai shirin juyin mulki. Ka shiga ɗaka, zafin bazara ya koro ka, ga ba wuta. Ko ƙwallon da za ka fake da shi babu, tun 13 ga Maris aka dakatar da gasar Firimiya ta Ingila, gidajen kallo kuma a garƙame. Ƙarshenta a zaure aka ajiye ka, kai da buhun gawayi da tsohon keken yara, kuma daga nan ka gudanar da yawancin mulkin da kake ba samari labari.

Zaman zaure ne ya haifar maka da bincike. Mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri ba ya wayi gari yana ƙirga dunƙulen magi. Ka ja layi da biro a jikin galan ɗin man gyaɗa don ka ga yadda yake sauka. Ka tambayi dalilin da kwalin ashana ba ya kai mako. Ka ce a rubuto maka kasafi. Yaya, da yake jinin Kanawa ce, ba ta yi musu da kai ba, ta san ba a cin riba da hayaniya. Ta kwance makullin sito daga bakin zaninta ta ɗora maka a tafin hannu, ta ce daga yau awo da cefane naka ne, ita hura wuta ce kawai tata.

Ranar da aka sassauta don sayen abinci ka ɗaura takunkumi ka nufi kasuwa da takarda a aljihu. Abin da ka dawo da shi har yau ana ba da labarinsa a danginmu in an taru suna. Ka jibgo tattasai, babu attaruhu ko ƙwaya ɗaya, don a ganinka duk ja ne. Ka sayo kuɓewar da ta tsufa wuƙa ba ta shigarta, mai kayan miya ya ce maka ita ce mai auki, ka yi masa godiya. Ka manta kanwa, ka manta albasa, ka rungumo kankana biyu. Naman da ka shigo kana alfahari da arharsa, da ya ji wuta sai ga shi rabi jijiya rabi ƙashi. Tsadar kam ba kai ka kawo ta ba. Tun Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, shinkafa ta riga ta hau kafin korona ta iso, da kuma aka tare hanyoyi aka cusa cinikin mako guda cikin 'yan sa'o'i, kowane mai tebur ya zama sarki. Amma ai da irin wannan farashin Yaya take kokawa kullum, da kuɗin cefanen nan da kake ajiye mata a kan talabijin wanda rabonka da ƙara masa ko sisi tun kafin a haifi auta. Awon da ka rantse zai kai wata, yara suka ga bayansa kafin mako biyu, don ba ka sa a kasafinka cewa yaron da ba ya zuwa makaranta sau biyar yake jin yunwa a wuni ba. Wani dare, ba sallama ba jawabi, ka lallaɓa ka tura makullin ƙarƙashin matashin kanta.

Sai karatu. Nan kam na zaci za ka fanshe, malamin jami'a guda, ɗan birnin da ke tinƙaho da ilimi tun kafin Bature ya zo. An rufe makarantu tun ƙarshen Maris, gwamnati ta sa ana ba da darasi ta rediyo da talabijin, kai ka ce ba ɗanka da zai koyi karatu a bakin akwatin rediyo kana raye. Ka jingina ƙyauren tsohuwar kwaba a bango ya zama allo, ka fitar da jadawali, ka buɗe da jawabin gabatarwa mai tsawo ga 'yan aji uku da aji biyar na firamare, har da tarihin fannin. Da aka zo lissafin rabawa ka yi a allo, ɗanka ya ce ba haka Anti take yi ba. Ka goge ka sake, ya ce amsar ma ba haka take ba. Aka duba bayan littafi, yaro ke da gaskiya, ka ce kuskuren maɗaba'a ne. A jami'a in ɗalibi ya ƙure ka sai ka ce ya je ya yi bincike ya kawo mako mai zuwa. A gida ɗalibin yana nan tare da kai har dare, yana jiranka a ƙofar banɗaki da littafin a buɗe. Makarantar ba ta cika mako ba shugabanta ya shiga yajin aiki na biyu. Yaya ta kunna musu rediyo.

A fannin lafiya ka fi kowa himma, wannan ba zan hana maka ba. Bokiti da sabulu a ƙofar zaure, duk wanda ya taɓa ƙyaure sai ya wanke hannu daƙiƙa ashirin kana tsaye da agogo. Daidai ne, haka likitoci suka ce. Inda ka ɓata rawarka da tsalle shi ne da ka mayar da WhatsApp asibiti. Yau citta da tafarnuwa da lemon tsami, gobe surace da ganyen darbejiya, jibi a yi ta kurɓar ruwan zafi wai ya tura cutar ciki ta mutu. Ka lulluɓe da bargo a kan tukunyar surace ana tsakiyar zafi, ka fito ido jajur kana cewa ka ji ta tana fita. Da ka ji an ce ɗaukewar jin ƙanshi na daga alamomin cutar, sai ka ɗauki al'adar shiga madafi kullum da asuba ka buɗe gwangwanin daddawa ka shaƙa, in warin ya buge ka ka ce alhamdu lillahi ka koma ka kwanta. Ranar da Yaya ta soya attaruhu ka yi tari uku a jere, sai ka ja ta gefe ka fara gaya mata inda takardun gida suke da sunayen waɗanda kake bi bashi. Masu binka kuwa ko ɗaya ba ka ambata ba. Ko wasiyya Bazazzagi zai yi sai ya bar wa kansa ƙofa.

Yanzu mu zo kan maganar da na san kana addu'ar kada in taɓo. Dokar ta faɗo ranar girkin Yaya. Amaryarka tana can Samaru, kai kana cikin birni, tsakaninku Tudun Wada da Sabon Gari da Kwangila, kowace mahaɗa da shingenta. Dare ɗaya Malam ya zama mufti. Ka sauko da littattafan fiƙihu ka kaɗe musu ƙura kana neman hukuncin rabon kwana in hukuma ta tare hanya. Mutumin da bai taɓa tunanin ramuwa ba duk sanda tafiyar taro ta cinye kwanan Yaya, yau shi ne ke ƙwalla a kan adalci. Ka ce haƙƙi ne a wuyanka. Yaya ta ce Allah ya sauƙe maka, ga hanya nan. Ka fita bayan magariba ta lungu, katin aiki a aljihun gaba, ka shirya cewa kana cikin ma'aikatan da aka yarje wa fita. A shingen farko aka haska katin da tocila, aka tambaye ka wane aikin gaggawa ne malamin da ke yajin aiki yake da shi da daddare. Abin da ya biyo baya ka ce fahimtar juna aka yi. To, mu dai ba mu taɓa ganin wanda ya dawo daga fahimtar juna yana dafa bango in zai zauna ba, har a kwana uku ana gasa masa cinya. A Kano tsallen kwaɗo muke ce masa. Wa kuma ya dafa ruwan gashin? Wadda ka tsallake za ka tafi. Daga ranar ka koma zuwa Samaru a ranakun sassauci, ka juyo kafin lokaci ya cika, da ledar cefane a hannu don shaida.

Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, masallatai a rufe, tafsiri sai a rediyo da Facebook, asham kowa a gidansa. Ka shimfiɗa darduma a tsakar gida, ka jera iyali sahu biyu, ka shige gaba. Shekaru kana bin liman a sahun farko kana gyaɗa kai, jama'a na zaton Bazazzagi da izu sittin ake haifarsa. Daren farko ka faro daga Alam tara ka gangara Nasi. Dare na biyu ma haka. Dare na uku ka ce bari ka burge, ka ɗauko Suratun Naba'i, ka kai tsakiya ka tsaya cak. Ka koma baya ka taho da gudu, ka sake cijewa a wuri ɗaya. Daga sahun baya 'yarka 'yar Islamiyya ta ɗora maka. Ka wuce aya biyu, ta sake gyara maka. Bayan sallama ka juyo ka yi doguwar nasiha a kan ladabin mamu, washegari kuma ka ce don a ƙarfafa wa yara gwiwa babban ɗanka ne zai riƙa ja. A duk hukuncin da ka yanke cikin kullen nan shi kaɗai ne ban ga aibinsa ba. Da goma ga wata kuwa, tunda ba fita tashe, yaranka suka yi nasu a cikin gida. Ɗaya ya sa hularka da tabarau, ya cusa matashi a riga, ya zauna a zaure yana ƙirga magi. Kowa ya gane wanda ake nufi sai kai, har ka ba shi naira hamsin ka ce yaron yana da basira.

Na san abin da za ka ce, don bakin Zage-zagi ɗaya ne: to ku Kanawa fa? Za ka tuna mini bidiyon samarinmu suna buga ƙwallo ana tsakiyar doka, fili maƙil da 'yan kallo. Za ka ce an sami mai cutar na farko a Kano ranar 11 ga Afrilu, gwamnanmu na lokacin, Ganduje, ya kulle gari daren 16 ga wata, Buhari ya ɗora nasa mako biyu ranar 27, amma kullenmu a kan kwalta ya tsaya, lunguna na cin kasuwarsu, kanti a rufe ta gaba ana ciniki ta taga. Za ka ce da aka ba mu Litinin da Alhamis, daga goma na safe zuwa huɗu na yamma, mun yi cinkoson da ya fi na jajibirin sallah, har gwamnanku ya ce shi da kansa zai tsare iyakar Kano ranar idi kada mu shigo muku. Duk an yi. Sai dai garin da dubun dubatar mutane sai sun fita da safe suke samun na tuwon dare, ɗan dako a Singa, yaron kanti a Kwari, mai adaidaita sahu, mai tura kurar ruwa, ba ya kulluwa da sanarwar rediyo. Mai jiran albashi ne ke iya miƙe ƙafa a gida ya kira irin waɗannan masu taurin kai. Kuma mun ɗanɗana. A watan Afrilun nan maƙabartun Kano ba su huta ba, dattawa da malamai da manyan 'yan boko suka riƙa tafiya a jere, daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen ana danganta su da cutar. A kwanakin nan kullum da safe sai ka kira ka tambayi jikin Hajiyarmu, ka ce kada a bar ta ta fita gaisuwar mutuwa ko ta wane ce. Wannan na rubuta maka shi a shafin lada. Shi kaɗai ne a shafin, amma yana nan.

Mai jiran albashi na ce ko? Ai naka ma maƙalewa ya riƙa yi a rigimar tsarin biyan albashi na IPPIS, kuma nan ne zancen riƙe gida da hannu biyu ya fi ba ni dariya. Watannin da waya ba ta yi ƙarar shigowar kuɗi ba, me aka ci a gidan? Kwasar adashin Yaya, wadda ta yi niyyar sauya kujeru da ita, ta tafi a buhun masara. Tunkiyar da take kiwo ta bi bayanta. Ƙosai da awara da kunun gyaɗar nan da ka sha cewa suna zubar maka da girma a unguwa, su maƙwabta ke miƙo kwano ta katanga suna saya a azumin, da ribarsu ake sayen gawayi da katin da kake shiga taron Zoom, kaftani a sama gajeren wando a ƙasa. Ita ta san wace maƙwabciya ce mijinta direba ne, sun kwana biyu ba su ɗora tukunya ba, ta aika musu da kwano bayan magariba ba wanda ya ji. Kai sunan maigidan ma sai da ka tambaya. In ana maganar gaskiya ba gidanka kaɗai ba ne. Daga Zariya har Kano maza da yawa a shekarar suka gani da idonsu cewa wadda suke cewa ba ta aikin komai, tana gida, aikinta yana farawa kafin kiran assalatu, ba ya ƙarewa sai sun daɗe da fara minshari, kuma ba abin da suke ajiyewa a kan talabijin ne ke kai gidan ƙarshen wata ba. Sauran da suka gani sun ji kunya sun ja bakinsu sun yi shiru. Kai ne kawai ka mayar da abin lacca.

Askin sallah ba zan tsawaita ba, hotunan suna wayata. Ka aro injin aski, ka jera yara maza a kan turmi, wuta ta ɗauke kana tsakiyar kan na biyu. Ranar 24 ga Mayu mu a Kano an bar mu mun je idi, duk da hawa ko mu ba a yi ba, ku kuwa kuna gida, ba idi ba yawon sallah. Da wannan Allah ya rufa wa yaron asiri, don da hula yake kwana yake tashi har gashin ya tofo.

Saƙonka kuma ya iso, wai kana bina kuɗin shara na watan cika-cikin shekarar, wanda ya faɗo a Agusta, ban ba ka ba. Na tambayi Yaya ko a wata taran nan ka taɓa riƙe tsintsiya. Ta yi tunani, ta ce sau ɗaya, kyankyaso ka bi da ita, shi ma ya tsere. Don haka na tura mata kuɗin ta waya. Ka same ta ka yi magana cikin ladabi, in ta ga dama ta sammaka na shayi.